Kanta a Maƙoshi

Shekara ashirin da uku ina tsaye a bakin tasha,
ina tallan garuruwan da ban taɓa kwana cikinsu ba:
Tasawa! Mayahi! Dakwaro, saura mutum ɗaya!
In na buɗe baki a nan, mai shayin unguwar Zariya ya ji,
ya ce, to, Nomau ya fito, a ɗora ruwa.

Sai wata Laraba, bayan sallar layya,
na ja "Tasa..." sai "wa" ta maƙale
kamar ƙayar kifin Madarunfa.
Na yi gyaran murya, na yi kaki, na sake ja.
Abin da ya fito, ko ɗan akuya ba zai waiwaya ba.
Yaran mota suka kwashe da dariya,
na taya su, ba sauti, haƙora kawai.

Kowa ya zama lokotoro.
Gwaggo Baraka ta ce sanyi ne, ta dafo citta da kanumfari.
Miko mai faci ya ce an sa mini hannu.
Wanzami ya leƙa ya ce beli ne,
ya manta ubansa ya cire shi tun ranar suna.
Na sha zuma, na lashi jar kanwa,
wata biyu, murya tana can ƙasan rijiya
ba guga, ba igiya.

Sai haɗiya ta bi sahu.
Lomar tuwo ta tsaya a wuya
kamar babbar mota a shingen duwan, tana jiran takarda.
Kilishi na bar wa yara. Tsire, ƙamshi ya ishe ni.
Da dare ruwa mai tsami ya taso daga ciki,
ya ƙone ni har hanci,
in tashi zaune, in jingina da bango, in jira ladan.

A asibiti wata likita, 'yar cikina ta girme ta,
ta zura siririyar waya mai fitila a kai,
ta juyo mini allo: ga su nan,
jijiyoyi biyu farare, kowace da ɗan ƙullutu,
suna hararar juna.
Ta ce, Baba, ka san kantar hannun manomi?
Taka a maƙoshi ta fito.
Ba mugun ciwon ba ne, amma gara da ka zo aka gani.
Ga ƙwayar ƙwannafi, sha ruwa, bar yaji, bar taba, bar cin dare.
Babban maganin kuwa ba a sayar da shi:
sati uku, shiru.
Har raɗa ta hana.

Yanzu Ɗan Jimma ke kiran Tasawa, yana lanƙwasa ta ba daidai ba.
Ni sai dai in bugi gefen mota da tafi, direba ya ja.

A gida kuwa, ashe akwai gida.
Ashe autana yana da labari mai kai da wutsiya,
ni ke datse shi tun a wuya.
Ashe ƙofar ɗakinmu tana kuka.
Ashe matar nan, in tana tankaɗe,
tana magana da kaji, tana ba su haƙuri,
kuma da sunansu take kiran su, ɗaya bayan ɗaya.

Gobe sati uku ya cika.
Likita ta ce kalma kaɗan, a hankali,
kamar mai canjin jikkarsa ta ƙarshe.
Na kwana ina lissafin abin da zan saya da ita.
Shekara ashirin da shida "ke" nake ce mata,
"ke, ruwa", "ke, ina hulata".
Gobe in ta sunkuyo da kwanon kunu,
in Allah ya ara mini muryar,
zan ce: Tsahara.
Gaɓa uku ce, kamar Tasawa,
sai dai wannan karon ba wanda zai tafi.