Ƙishirwar Fata

A Ulanbato sanyi ba ya sallama,
ta ƙasan ƙofa yake shigowa
ya zauna a kumatuna.

Sau huɗu a yini nake dirje fuska da sabulu,
a zatona kurajen nan dauɗa ce,
kuma mai, kowane irin mai,
abokin gabana ne.
Fata ta dare kamar busasshen tabki,
kuraje kuwa ko gezau,
har jikoki suka ajiye a haɓa.

Kakata Dolgor ta miƙo kitsen wutsiyar tunkiya:
“Da shi na tsallake sanyin shekara saba'in.”
Na karɓa don kunya,
na ɓoye a bakin taga, ƙanƙara na gadinsa.

Ranar Talata, a kantin magani na bakin tasha,
Uyanga ta ɗago haɓata da yatsa ɗaya.
“Ba wanki ne ya yi kaɗan ba,
ƙishirwa fatarki take ji.
In ta bushe, maiƙo take ƙarowa don ceton kanta.”
Ta ba ni 'yar kwalba, man shafawa marar nauyi
wanda ba ya toshe ƙofofin gashi.
“Kamar ƙwayar wake, safe da dare.
Kuma ki daina matsa su.”

Mako shida ke nan.
Ba duka suka tafi ba,
akwai na goshi, mai taurin kan akuya.
Amma yau na tuntsire da dariya a aji,
kumatuna ba su yi raɗaɗi ba.

Kitsen kuwa, kaka ta gano shi,
ta jefa a miya, ba ta ce uffan ba.