Ƙwan da Ke Kwanci

A Kajaani, cikin watan Nuwamba,
rana kan leƙo ne kamar mai bin bashi da kunya,
ta tsaya bakin ƙofa, ta juya.
Kafin ƙarfe huɗu duhu ya baje kolinsa.

Na iso gidan babana da kwali a hammata,
ƙwai goma sha biyu, farare, ba nauyi,
da takardar kuɗin wuta da na ja wa layi da jan biro.
Na ce, Baba Reijo, duba nan,
naka sittin yake sha, nawa takwas,
kuma hasken bai fi hasken ba.
Ya ce, Sirkka, ke da lissafi!
Haka uwarki take, har gishiri sai ta auna.

Na hau tsani, ya riƙe min ƙafarsa
da hannun da ya shekara arba'in yana sarar itace.
Na kicin ya ƙone min yatsa.
Na tsotsa, na ce, ka gani?
Ga inda kuɗinka ke bi, zafi kake saye, haske gyara ne.
Na kwance na falo, na matakala, na banɗaki,
sai na fitilar gefen gado
inda Aune kan zauna da saƙarta.
Ƙurar shekara shida a kansa.
Na kai shi kunne na girgiza,
siririyar wayar ciki na nan da ranta.
Ya miƙo hannu ya karɓa,
ya cusa cikin safa, bai ce uffan ba.

Saura ɗaya, can bayan gida,
a ɗan akurkin katako inda injin rijiya ke gurnani.
Ƙwai guda a rataye, ba a kashe shi dare da rana.
Na ce, wannan kam almubazzaranci ne,
wa ke karatu a nan, ɓera?
Ya buɗe baki, tari ya riga maganar fita,
ni kuwa na riga na murɗa.

Dare huɗu tsakani
sanyi ya gangara ashirin da bakwai ƙasa da sifili.
Da asuba waya ta yi ƙara:
Sirkka, famfo ya yi shiru.

Bututu ya daskare, ya tsage a tsaye kamar kara.
Veikko mai gyara ya tsuguna cikin ƙanƙara,
ya dubi sabon ƙwan, haske tangaran,
ya taɓa shi, sanyi ƙalau,
ya yi dariyar da ta fito da hayaƙi.
Ya ce, wancan ba don ido aka rataye shi ba,
kwanci yake yi.
Ko'ina kaza ke kwanci a kan ƙwai,
a nan ƙwai ne ke yi wa bututu.

Yuro ɗari uku da arba'in, har da ladan tafiya.
Na tsaya ina lissafi a ka,
hunturu nawa za a yi kafin in fanshe.
Abin da babba ya hango yana riƙe da tsani
ni da ke samansa ban hango ba.

Baba bai ce na faɗa miki ba,
ai ban bar shi ya faɗa ba.
Ya shiga ɗaki, ya fito da safa,
ya hau tsanin da kansa, ni na riƙe.

A Janairu takarda ta zo, kuɗin ya ragu sosai,
ya karanta min ta waya, lamba-lamba, har sau biyu,
ya ce yanzu yana ganin ramin allura ba tabarau.
Goma sha ɗaya na ci a gidan, ba sa ƙona kowa.
Na sha biyun na cikin jakata har yau,
tsakanin makulli da tikitin jirgin ƙasa.

Can bayan gida kuwa,
ta tsagar katako, kan farar ƙanƙara,
wani ɗan haske rawaya na zuba.
Ƙwan Aune ne, yana aikin dare.
Baba ya ce bai san ranar da wayar za ta tsinke ba,
amma kullum kafin ya kwanta
yakan share gumin taga ya duba.