Baƙin Ruwa

A Garwa, bayan kasuwa,
Tasalla na dafa karan auduga da kanwa.
Kara ya yi laushi, ta tsame, gobe takarda ne.
Saura ruwa a tukunya, baƙi ƙirin, sai wari.

Na ɗauka zan kai Binuwai in tuttular.
Ta riƙe mini hannu:
"Kifi ya ci bashinka ne?
Kuɗina na ciki."

Muka mayar da shi murhu
har ya yi kauri kamar maɗi,
ya ƙone, ya koma toka.
Ta jiƙa, ta tace,
ta ɗiga mini a harshe.

Kanwa!
"Ba duka ta dawo ba," in ji ta,
"wuta ma tana cire la'adarta."