Awon Damtse a Gadarif

Shekara ashirin ina ɗinki a Sinja,
tef a wuyana kamar carbi.
In Salla ta ƙarato uwaye su ce:
"Ƙara masa yatsa ɗaya, Ummahani,
yaron nan girma yake kamar dawa a damina."
Ni kuwa in ƙara biyu, in yi shiru.

Keken yana can. Ban san wa ke taka shi ba.
Mun fito da abin da kai zai iya ɗauka,
kwana tara a hanya,
muka sauka a wata makaranta a Gadarif,
inda allo ke riƙe da lissafin da ba a ƙarasa ba.

A nan aka ba ni wani tef.
Bai kai ganyen albasa nauyi ba,
kofin shayi ya fi shi tsada.
Kore, rawaya, ja, sai 'yar taga da lamba ke leƙowa.
Ma'aikaciyar ta ce: hannun hagu,
tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu,
kada ki matse, kada ki sake.
Na ce, 'yar nan, tela kike koya wa awo?
Muka yi dariya. Ban sake yin ta ba ranar.

Mudassir ɗan Batula, shekara biyu,
bai yi kuka ba da na kama shi,
abin da ya tsorata ni ke nan.
Tef ya zagaye, ya yi ta shigewa,
ya wuce kore bai gaishe shi ba,
ya tsallake rawaya.
Goma da ɗigo tara.
Batula ba ta karatu, amma ta san ja.
Ta ce, "Jiya fa ya ci kisra."
Na ce na sani.

Ikhlas kuwa kumatu cike,
kakarta har alfahari take.
Na danna babban yatsa a bayan ƙafarta,
ɗaya, biyu, uku, na ɗaga.
Ramin ya zauna
kamar sawun jaki a baƙar lakar garin nan.
Ruwa ne, Hajiya, ba ƙiba ba.

Sikeli na rataye a reshen dogon yaro,
igiya huɗu da bahon wanki,
ɗan'uwan wanda ake auna riɗi a kasuwa.
Daga inda nake tsaye ina hango rumbunan dawa,
dogaye, sun fi hasumiya.
Wannan lissafin tef bai iya shi ba,
ni ma ban iya ba.

Awo ba magani ba ne.
Ihu ne kawai, da wuri,
tun ɓarawo yana kan katanga.
Na raba wa uwaye sha bakwai, kowa da nata,
suna soke shi a bakin zane inda kuɗi ke zama a da.

Ikhlas an kai ta asibiti. Ban ji labari ba.
Nakan tambayi direba, yakan ce yara da yawa.

Mako shida Mudassir na tsotsar tunkuzar leda.
Wata asuba Batula ta ɗaga labulen ajinmu,
ko sallama babu,
tef a hannu, ita ta auna da kanta:
"Rawaya! Duba, ko idona ne?"
Na duba. Na sake dubawa.

Da dare na farke tsohon mayafina,
allura da zare, hasken waya.
Na auna kafaɗarsa da taƙi,
na ƙara yatsa biyu, na yi shiru.