Fom Daga Gungun Marke

Hawa na uku, Wuse, Talata da hantsi,
na'urar sanyi tana tari kamar tsohon masunci,
aka dire mini fayil da ruwa ya taɓa lasa,
gefensa ya kumbura, tawada ta yi gemu.
Na buɗe. Gungun Marke.
Yatsuna suka tsaya cak a kan madannai.

Yawan jama'a: ɗari biyu da tamanin da shida.
Wa ya ƙirga? Ya sa Baba Jatau,
wanda ya fi kwana a kwalekwale da kwana a ɗaki?
Ya sa matan da suka haye Yawuri da kwandon banda,
ba za su dawo ba sai kasuwa ta watse?
Kakata Delu takan kori mai ƙidaya da muciya:
"'Ya'ya ne, ba awaki ba."
Shekarar da na tafi mun haura ɗari huɗu.

Azuzuwa: biyu.
Na san su. Ɗaya mai rufin kwano,
ɗaya inuwar marken ce da kanta.
Allon kuwa katakon jirgi ne da ya gaji da ruwa,
muka shafe shi da baƙin tsohon batir
har tafin hannunmu ya kwana uku bai wanku ba.

Malamai: ɗaya.
Ga sa hannunsa a ƙasa. Malam Barau.
Har yanzu? Har yanzu.
Bakinsa mai tumbi biyu
irin wanda ya zana a katin sakamakona
ranar da na zo ta ɗaya cikin mu tara.
Yanzu layin yana rawa kaɗan,
kamar ya rubuta shi a kan igiyar ruwa.

Ɗalibai, ya ce: da rani hamsin da uku,
in ruwa ya cika, kifi ya taso, sha tara.
Kwamfuta ba ta san rani da damina ba,
gurbi guda ta ba ni.
Ta kuma tambaya: hanyar zuwa makaranta,
ƙafa, keke ko mota?
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu inda aka rubuta filafili.

Madam Rifkatu ta leƙo da kofin shayi:
"Raba tsakani mu wuce, saura jiha goma."
Na raba a zuci: talatin da shida.
Takardar da ke manne a bango ta ce
duk wadda ba ta kai arba'in ba
a haɗe ta da ta bakin gaɓa.
Bakin gaɓa sa'a biyu ne in iska ta kwanta.
In ba ta kwanta ba,
a tambayi uwar Tanko, ita ta sani.

Na danna biyar. Na danna uku.

Amma Malam, bari in faɗa maka abin da fom bai tambaya ba:
makarantarka jirgin fito ce mai zuwa gefe guda.
Duk wanda ka koya wa haɗa baƙi, ka ba shi kuɗin haye.
Shekarau yana gadi a Kaduna,
Ige tana allura a Kontagora,
ni ina nan ina ƙirga waɗanda suka rage.
'Ya'yana a Kubwa ba su iya iyo ba,
ƙaraminsu kuka yake in ruwa ya kai masa wuya a baho.

Da yamma, a cunkoson Dutse, hadari ya sauko,
motoci suka jeru kamar jirage a mashaya.
Na goge gilashi da gefen mayafi,
na tuna ɗari biyu da tamanin da shida,
na tuna yadda yatsana ya ɗan jima a kan bakwai
kafin in bar shidan yadda Malam ya rubuta.