Labbo Mai Awo

A Jega, bayan rumfar masu albasa,
nan kakana Labbo ke awon gero.
Riga biyu gare shi, duk farin alawayyo:
ɗaya a jiki, ɗaya a kan igiya tana shan rana.
Ko da Salla su ne dai,
sai dai Inna Tumba ta ƙara musu bula.

Kuɗin tiya ɗaya ne a bakinsa,
tun hantsi har tashin kasuwa.
In ka ce masa ya rantse, sai ya girgiza kai:
"Maganar da ke neman sanda, gurguwa ce."

Ranar da Alhaji mai tireloli ya shigo kasuwa
mutane suka zube, takalma a hannu,
"ranka ya daɗe" na tashi ta ko'ina.
Labbo ya karkaɗe ƙaiƙayi daga tafinsa,
ya miƙa masa hannu a tsaye,
ya ce, "Sannu, Hamidu, ya gida?"
Gaisuwar da ya yi wa mai baro da safe
ita ce dai, bai ƙara mata gishiri ba.

Aka ce girman kai ne.
Aka ce tsiya ce ta naɗa masa rawani.
Da dare Kawu Dikko ya zo da faɗa har zaure,
ina laɓe a bayan asabari ina ji.
Kakana ya bari ya gama,
ya yi shirun nan nasa mai tsawo
har kaskon wuta ya fara toka,
sannan ya ce:
"Goshina ɗaya ne, na riga na ba da shi.
Ban raina Hamidu ba, tare muka yi kiwo.
Amma in na durƙusa wa aljihunsa
na yi ƙarya da gwiwa,
kuma ƙaryar gwiwa da ta baki uwarsu ɗaya.
Riga ta uku fa, wa zan tauye wa mudu in saye ta?"

Ni kuwa kunyarsa nake ji a lokacin.
In ya zo makarantarmu da takalmin taya
sai in ɓuya a bayan darbejiya.

Da ya rasu, kwando ɗaya ya kwashe gadonsa:
buta, carbin ƙwallon dabino, tiya, riga biyu.
Aka yi shela a maƙabarta ko yana da bashi,
ba wanda ya motsa.
Hamidu na cikin masu zuba ƙasa,
babbar rigarsa duk ta yi jar laka.

Yanzu ina Birnin Kebbi.
Shadda ta cika min akwati uku,
tela na bina kuɗin biyu daga ciki.
Jiya na durƙusa a wani ofis
har gwiwata ta yi ƙara.
Tiyar tana kan durowa, ba na awo da ita.
Wani lokaci dai da dare nakan ɗauko ta,
in shafa bakinta da yatsa,
inda hannunsa ya cinye ƙarfen.