Ladanin Mai Wurno Ya Yi Shiru

Shekara talatin da ɗaya ni ke tashin unguwar nan,
kafin zakara,
kafin jakunan ɗiban ruwa su gangara bakin Nilu.
Sai ga matauni ɗaya can ƙurya,
da na yi ta lallashi da kanumfari da gishiri,
ya ƙulla mini gaba.

Ciwon ya bar haƙori ya yi ƙaura,
ya sauka gaban kunnena na hagu,
inda muƙamuƙi ke juyawa kamar ƙyaure.
Ranar Talata na buɗe baki zan yi kabbara,
ƙyauren ya cije.
Yatsa biyu ba sa shiga.
Laraba, ko ɗaya.

Ɗan gidan Tukur mai gyaran rediyo ya karɓi lasifika.
Muryarsa ba laifi,
sai dai gaggawa, kamar mai bin motar Sinja.
Ina kwance cikin zazzaɓi
ina ja masa madda a raina.

Rakiya ta ture kisira gefe,
ta dama kunu tsararo,
tana ɗura mini ta wushirya.
Ashe giɓin da aka tsokane ni da shi tun ƙuruciya
ƙofa ce aka ajiye mini.

A asibitin Sinnar, likita Nafisa ta danna kumburin,
na ga taurari da rana tsaka.
Ta ce ƙwayoyin cuta ne, ido ba ya kama su,
sun shiga gaɓa sun kafa sansani.
Ta soka allura, ta zuƙo mugunya,
ta ɗaga sirinji saitin taga:
"Baba, ga wanda ya ƙwace maka kiran salla."
Na so in yi dariya. Ba hanya.

Kwana goma magani na ɗiga cikin jijiya,
ina ƙirga ɗigon a madadin carbi.
Haƙorin kuwa sun tumɓuke shi,
ban yi masa ta'aziyya ba.

Yanzu 'yan katakon danne harshe ta haɗo ni da su,
in jera tsakanin haƙora, kullum in ƙara ɗaya.
Jiya goma sha bakwai.

Yau da asuba na gwada a ɗaki, a hankali,
muryar ta fito a karkace, da ƙara a gefen kunne.
Rakiya ba ta juyo ba,
tana hura gawayi ta ce,
"Ka makara. Yaron ya riga ka."